Allura da Algaita

Majo ya gaya mini tun ranar farko, ba zan ɗora masa laifi ba. Majo shi ne babban mai jinya da ke kula da mu masu tari a likita, wato asibiti, wani dogo mai rowar magana. Ya ce, "Hajiya, wannan allurar tana kashe tarin da ya gagari ƙwaya, amma wasu tana taɓa musu kunne. In kin fara jin ƙara, ki faɗa mini." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a bakinsa duk macen da ta haura arba'in hajiya ce. Na ce masa to. Me zan ce? Wannan tarin ne ya kai mijina kabari. Ya sha magani, ya ji sauƙi, ya watsar ya koma gonar tattasai, tarin ya dawo masa da taurin kai, ba ya jin ƙwaya. Gadon da ya bar mini ke nan. Na ga yadda ya ƙare, ni ce mai zubar da kwanon da yake tofa jini. Ko ido aka ce allurar tana ci, da na kwanta an yi mini.

Daga ƙauyenmu na bakin gulbin Komadugu, kusa da Shetimari, na dawo Diffa gidan yayata, don allurar ta kullum ce, an hana hawa moto, wato babur, ƙauyen ma rabinsa ya watse saboda yaran daji masu bindiga. Yaya ta share mini ɗakin da ke can ƙuryar gida, bayan turken awaki, inda suke ajiye buhunan tattasai kafin a hana cinikinsa. Yajin yana nan a jikin bango, ga tari ga atishawa. Kwanona daban, moɗata daban, butata daban, kuma ba mai shiga ɗakin. Ba ƙyama ba ce, haka majo ya ce a yi, akwai jikoki a gidan. In an sauke tuwo, Yaya ta ajiye mini a bakin ƙofa, ta koma gindin bishiyar bedi ta ƙwala kira, "Auta!" in amsa daga ciki. In an kira ban amsa ba, to ina likita ke nan. Kowa a gidan ya san haka.

A Diffa ta wancan lokacin, kunne ne ke gadin mutum. Mace tana daka sai ka ga ta tsaya da taɓarya a sama, ta karkata kai. Tayar mota ta fashe, ko iska ta buga ƙyauren kwano, unguwa duka ta yi tsit. Tambayar ɗaya ce kullum: namu ne ko nasu, kuma daga wane gefe? Amsar ce ke gaya maka ko ka ci gaba da dakanka, ko ka saɓa yaro ka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ni kuwa a nan ne na yi suna. Ina kwance a ɗakina zan ɗaga murya in ce, "Ku zauna, na soji ne, fita yake yi, ba shigowa ba." Mijin Yaya, abokin wasana, ya sa mini suna mai kunnen zomo. Ya tsaya daga nesa ya ce, "Zomo, me kika jiyo mana yau?" In ce masa, "Na jiyo cikinka yana kuka, je ka ci tuwo." Ko banza ina da amfani a gidan da nake ci nake sha ba na tsinana komai.

Kunnen nan kiɗa ne ya wasa mini shi. Tun ina yarinya in an buga ganga a Shetimari ƙafata ba ta zama, na sha duka a kan haka har aka gaji aka ƙyale ni. Daga nesa nake gane wane makaɗi ne, kuma in fatar gangarsa ta sha raɓa sai na sani. Amma algaita ce ta tafi da raina. Akwai kaset na bikina da wani ɗan'uwanmu ya ɗauka, daga baya wani mai shago a kasuwa ya tura mini shi cikin katin salula, wato wayar hannu, ya haɗa da wasu waƙoƙin. Mai busar tsohon ƙauyenmu ne, in ya cika kumatu ya kama, ba ka jin inda ya tsaya ya ja numfashi. Akwai wurin da yake hawa, ya hau, ya ƙara hawa, har sai ka ji tsikar jikinka ta tashi, sannan ganga ta tarbe shi. Ni da ba na iya kaiwa bakin randa ban yi haki ba, sai in kwanta ina jin mutum yana wasa da numfashi haka, in ji kamar nawa ƙirjin ne ya buɗe.

A gari kuwa kiɗa ya mutu. Biki da rana ake yi, a shafa fatiha a raba goro kowa ya kama gabansa. Yaya ta so in goge katin. Ta ce, "Ke dai ba kya jin magana. In yaran nan suka tare mutum suka ga kiɗa a salularsa, kin san sauran." Na ce, "Yaya, a turken awaki za su tare ni?" Muka shirya a kan ba zan buɗe shi a fili ba, kada ya rufe mana ƙarar waje. Mijinta ya sayo mini abin sawa a kunne, mai farar igiya doguwa. In ɗaure salular a bakin zane, in zura igiyar ta ƙarƙashin hijabi, ba mai sanin abin da nake ciki.

Kullum da safe in taka zuwa likita, baki ɗaure da kallabi saboda tarin. A hanya akwai shingen soji, buhunan yashi jibge. Kowace mace ta san ƙa'ida, don an yi ta jin labarin mata masu ɗauro bom a ciki: ki tsaya daga nesa, ki ɗage hijabi su ga cikinki, ki juya, sai an yafito ki sannan ki matso. Kafin in kai wurin nake cire igiyar in naɗe ta a hannu. In an yi allurar, sai ƙwayoyi cike da tafi, a gaban majo za ka haɗiye. Wata tana sa amai, wata ta mayar mini da fata ja-ja-baƙi kamar tattasan da ya kwana biyu a shanya. In dawo ina jan ƙafa, in kwanta ta gefen da ba a soka ba, in toshe kunne da algaitata. Ita ce ladan wahalar ranar.

Ƙarar ta fara ne kamar gyare ya shiga ɗaki. Na kakkaɓe tabarma, na ɗaga buhu, na zagi gyare da iyayensa, ashe a cikin kaina yake. Bayan haka na lura ƴan tsakin Yaya sun daina kuka, bakinsu kawai ke motsi. Ranar da na kunna kaset, tsohon ya hau, ya ƙara hawa, sai kawai ya ɓace mini, ganga ta tarbi wofi. Na mayar baya, na sake. Na hura ramin salula, na goge igiyar da bakin zane, na ce kayan kasuwar nan ba su da albarka.

Na faɗa wa majo. Ya zagaya bayana yana murza yatsu kusa da kunnena, ya ce in na ji in ɗaga hannu. Ta kunnen dama ban ɗaga ba ko sau ɗaya. Ya dawo gabana ya zauna, ya ɗaga murya ta cikin abin rufe bakinsa.

"Na'urar awon kunne tana Damagaram. Zan rage miki kwanakin allurar, ba kullum ba. Amma in na tsayar da ita gaba ɗaya yanzu, kakinki bai wanke ba tukuna."

"In an gama, kunnen zai dawo?"

Ya duƙar da kai yana gyara kwalabe.

"Majo, da kai nake."

"Abin da ya tafi ba ya dawowa, Hajiya. Sai dai mu roƙi Allah ya bar saura."

Gaba kura, baya sayaki. Na tuna kwanon mijina, na hau benci na kwanta. Tarin dai daga ƙarshe ya tafi, alhamdu lillahi, ban ce ban gode ba.

A layinmu na masu karɓar allura akwai wata mata ƴar gudun hijira daga tsallaken ruwa, ɓangaren Najeriya, ta riga ni fara allurar. Da farko muna hira, tana ce wa likita asibiti, ina yi mata dariya. Daga baya sai ka yi mata sallama ta yi maka murmushi kawai. Wata safiya wani abu ya fashe can nesa, duk muka zube ƙasa, ita kaɗai ta rage zaune a benci tana gyara ɗaurin kallabi. Na ɗago na dube ta. Mutuwar tari na san kamarta, na yi jinyarta. Wannan kuwa, a ce gari ya tashi kana zaune kana gyara kallabi, ita ce ta hana ni sukuni.

A gida ban faɗi iyakar abin ba. Na ce wa Yaya maganin yana ɗan toshe mini kunne kamar mura. Tsoro nake ji in furta shi da bakina ya tabbata. Kuma zaman da nake yi ya rufa mini asiri, tunda ba mai matsowa kusa. In na ga inuwar Yaya ta gifta ta ajiye kwano, sai in ɗan jira in ce "Na'am, na gode," ko ta kira ko ba ta kira ba. In mijinta ya tsaya daga nesa yana tambayar zomo, sai in saci kallon fuskar Yaya, in ba ta firgita ba in ce, "Na soji ne." Allah ya yi ta rufa mini asiri. Salula kuwa na ƙure mata murya. Gangar tana zuwa mini, dum, dum, can ƙasa, kuma in na rufe ido na natsu sai algaitar ta dawo, har wurin hawan nan. Na ce to, ashe da saura. Kullum da wannan nake auna kaina, in na ji tsohon ya hau sai hankalina ya kwanta.

Bazara ta yi, Komadugu ta ƙafe har shanu na takawa su tsallaka. In ruwa ya janye haka kowa a tsorace yake, don abin da ya raba mu da daji ke nan. Ranar da abin ya faru, layin allura ya yi tsawo, ban baro likita ba sai da rana ta take. Na shigo ta ƙaramar ƙofar baya, wajen awaki, don ta fi kusa da ɗakina, ba wanda ya gan ni. Ko hijabi ban cire ba, na zura igiyar, na kwanta. Jiri yana ɗibata, ina tsakanin barci da ido biyu. Na ji gangar ta yi nauyi fiye da kullum, har ƙasa tana amsawa a haƙarƙarina. Na ce a raina, yau makaɗin nan ya ci ya ƙoshi.

Ƙishirwa ce ta tashe ni wajen la'asar. Na ja kallabi na rufe baki, na ɗauki moɗa na fito.

Turmi yana kwance a tsakar gida, gero ya watse, kaji sun samu biki. Tukunya tana kan murhu, miyar ta ƙone tana hayaƙi. Awaki suna fizgar igiya, bakinsu a buɗe. Ƙofar gida a wangale. Na kira Yaya, ban ma san ko muryata ta fita ba. Na leƙa ɗaki ɗaki, ba kowa. Na fita waje: mai shayin bakin layinmu ya bar butarsa a kan wuta, shago a buɗe ba mai shi, takalma zube a hanya. Unguwa guda ta tashi ta bar ni.

Wayyo Allah, ina zan bi? Kunne ne ke gaya wa mutum inda abin yake don ya ba shi baya. Na juya gabas, na juya yamma, gyare kawai ke kuka a kaina. Wataƙila suna bayan katangar nan, wataƙila ana harbi a kaina yanzu haka. Ƙafata ta ɗauki hanyar da ta sani, ta likita. Gudun mai tari ba gudu ba ne, taku kaɗan na fara haki, na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata, ina jan Innalillahi.

Sai yashi ya yi tsalle a gabana, ya watso mini a ƙwauri. Wani abu ya buga mini a ƙirji kamar an rufe ƙofa mai nauyi. Na ɗaga kai. Na zo gab da shingen, na wuce inda ake tsayawa da nisa. Sojojin suna kwance bayan buhuna, bakin bindigoginsu duka a kaina, nasu bakunan a buɗe, jijiyoyin wuya a tashe. Allah kaɗai ya san tun yaushe suke yi mini tsawa. Ɗaya yana kaɗa hannu, ban gane ba, in zo ne, in koma ne, in durƙusa ne.

Na yi abin da kowace mace ta sani. Na kama bakin hijabi da hannu biyu na ɗage shi sama.

Sai na ga duk sun ƙara nutsewa bayan buhunan. Na dubi jikina. Farar igiya ta sauko daga wuyana, ta bi ƙirjina, ta shige cikin wani ƙulli a bakin zanena. Mace ita kaɗai a hanyar da ba kowa, fuska a rufe, an ce ta tsaya ta ƙi, ga waya a cikinta. Ni kaina da ni ce a bayan buhunan nan na san abin da zan yi. In na kai hannu in cire, za su ce dannawa zan yi. In na tsaya, har yaushe za su jira? Fitsari ya zubo mini, ina jin ɗuminsa har diddige. Na buɗe baki ta cikin kallabi na yi ihu, "Kiɗa ne! Tari gare ni! Kiɗa ne!"

Ihun ya taso mini da tarin. Ya naɗe ni biyu, hannuna da hijabin suka fizgo igiyar, ƙullin ya kwance, salular ta faɗi a yashi, igiyar ta rabu da ita. Na rufe ido na yi kalmar shahada. Na tsaya ina jiran inda zai shiga, ciki ko ƙirji.

Shiru. Na buɗe ido ɗaya. Bindigogin suna nan, amma kai ɗaya ya ɗago, ya karkata, irin karkatar da matan gidanmu ke yi da taɓarya a hannu. Wani ma ya ɗago. Sai na ga kafaɗun ɗaya suna rawa, ya kifa goshi a kan buhu. Dariya yake yi ko kuka, ban sani ba. Salular nan ta kasuwa ba ta tsayawa in an zare mata igiya, sai ta ci gaba a fili, ga shi na ƙure mata murya. Su suna jinta tana kwarara kiɗa a tsakiyar hanya.

Wani babba a cikinsu, mai furfura a gemu, ya taso a hankali. Ya taɓa salular da bakin takalmi, ya duƙa ya ɗauka. Ya yi mini magana, ya sake yi, sannan ya nuna kunnensa ya kaɗa yatsa. Na gyaɗa kai. Ya miƙo mini salular.

Na ce a raina, tsohon ƙauyenmu ya cece ni da algaitarsa. Na duba fuskar salular. Hoton wata ƴar Indiya ne da fure a ka. Waƙoƙin Indiya ne da mai shagon ya zuba mini gyara, can ƙarshen katin, waɗanda ba na ƙauna, da ko ɗaya ta fara nake tsallake ta. Kaset ɗin bikina shi ne na farko, ya ƙare tun tuni, katin ya yi ta tafiya abinsa. Ni kuwa har na fito daga ɗaki tsohon yana busa mini, ya hau ya sauka ya sake hawa. Na manna salular a kunnen hagu, wanda nake taƙama da shi. Tana motsi a tafina, amma ko ƙis. Ashe na daɗe ba salular nake ji ba. Dum dum ɗin kawai ke isowa, sauran ni ke cika wa kaina. Na yau ma da ya yi nauyi, bindiga ce.

Suka zaunar da ni a inuwar katanga. Mai gemun ya miƙo gorar ruwansa, na nuna masa ƙirjina na tara hannu, ya zuba mini a tafi. Ina nan zaune da jiƙaƙƙen zane har rana ta yi sanyi, mutane suka fara dawowa, da tabarmi a ka da yara a baya.

Yaya ce a gaba, ba kallabi, ba takalmi. Daga baya na san yadda aka yi: da harbin ya tashi ta wajen gulbi, ta tsaya a gindin bedi ta yi ta kirana, ban amsa ba, ta ce alhamdu lillahi tana likita, suka kwashi jikoki suka yi arewa. A can ta haɗu da wani da muke layin allura tare, ya ce mata ai na tafi gida tun azahar.

Da ta hango ni ba ta tsaya daga nesa ba. Wata da watanni ba ta taɓa jikina ba, ranar ta zo ta damƙi kafaɗuna tana jijjiga ni. Bakinta yana ta aiki, hawaye yana shiga ciki, yawunta yana fantsamo mini a goshi. Na san faɗan Yaya, tun ina goye nake shan sa, na san har da zagi a ciki. Na zuba wa bakin ido ina nema ko kalma ɗaya ta faɗo mini.

Na ce, "Yaya, ki daina wahalar da bakinki. Ba na jin ko ɗaya."

Bakin ya tsaya a buɗe. Ta dube ni, ta dubi sojan, ya gyaɗa mata kai. Ta sake ni, ta durƙusa a yashi, ta ture hijabina baya, ta kama kunnena na hagu da yatsu biyu. Ta kawo bakinta daf da shi, ina jin ɗumin numfashinta, ta daɗe tana faɗin wani abu a hankali.

Na sha tambayarta me ta ce ranar. Sai ta girgiza kai ta tashi ta kama wani aiki.